Idon Kyamara Maras Madubi: Zaɓensa da Aiki da Shi

Matsalar suna

Duk mai niyyar yin bayani da Hausa a kan kyamarar zamani, wadda ake kira maras madubi, zai fara cin karo da wata matsala ta harshe tun kafin ya kai ga ƙarfe da gilashi. Kalmar madubi tana da faɗi ƙwarai a Hausa. Abin da ake duba fuska da shi madubi ne, tabarau madubin ido ne, na'urar da ake ganin ƙwayoyin cuta da ita madubin likita ce, haka kuma akwai madubin hangen nesa. Ke nan kalma ɗaya ta haɗa gilashin da yake mayar da haske baya da gilashin da haske yake ratsawa ya tanƙwara. Saboda haka idan aka ce wa Bahaushe ga kyamara maras madubi, yana iya ɗauka cewa an raba ta da gilashin nan na gaba wanda ake auna mutum da shi, alhali kuwa wannan gilashi yana nan daram, kuma shi ne ma abin da ya fi kome muhimmanci a jikinta.

Larabawa da Turawa sun warware tasu matsalar ta hanya ɗaya, watau sun raɗa wa gilashin nan mai tudu a tsakiya sunan adas, wani ɗan ƙaramin wake mai faɗi da ya yi kama da shi. Hausa ba ta saba da wannan wake ba, amma tana da abin da ya fi shi dacewa. A wannan maƙala za a kira gilashin gaba, tare da bututun da ya ƙunshe shi, idon kyamara, a bar kalmar madubi ga abin da yake mayar da haske kaɗai. Akwatin da ake ɗaura idon a kansa za a kira shi gangar jiki, zoben ƙarfen da suke haɗuwa a kai a kira shi baki, ɗan allon nan kuwa na ciki wanda ya maye gurbin fim a kira shi faranti.

Abin da cire madubi ya haifar

A kyamarar da aka saba da ita tun wajen 1950 zuwa 1960, akwai madubi a jingine tsakanin ido da fim. Hasken da ya shigo ta ido sai ya daki madubin ya yi sama, ya bi ta wani curin gilashi mai kusurwowi, ya fito ta tagar leƙe. Da an danna maɓalli sai madubin ya ɗaga, haske ya wuce kai tsaye zuwa ga fim, sa'an nan ya koma mazauninsa. Wannan shi ne ƙarar nan ta "ƙarau" da kowa ya san kyamara da ita. To, madubin yana bukatar filin da zai yi lilo, don haka tilas aka nisanta ido daga fim. A bakin F na kamfanin Nikon, wanda ya fito a 1959, tazarar da ke tsakanin baki da fim milimita 46.5 ce. A bakin EF na Canon, na 1987, milimita 44 ce.

Da fim ya ba faranti wuri, sai aka ga ai farantin da kansa yana iya aika abin da yake gani zuwa wani ɗan allo, ba sai an bi ta madubi ba. Kamfanonin Panasonic da Olympus na Japan su ne suka fara shelar irin wannan tsari a 2008, kuma a shekarar Panasonic ta fito da Lumix G1. Sony ta biyo baya a 2010, Fujifilm a 2012. A 2013 Sony ta fito da A7 mai cikakken faranti, sa'an nan a 2018 manyan nan biyu, Nikon da Canon, suka shigo fagen da ƙarfinsu, ɗaya da bakin Z, ɗaya da bakin RF. Tazarar ta ragu ƙwarai: milimita 20 a RF, 18 a bakin E na Sony, 16 a Z. Nikon ta kuma faɗaɗa bakin, daga milimita 44 zuwa 55.

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne abin damuwa a milimita ashirin da 'yan kai? Amsar tana wajen maƙeran ido. Idon da zai ɗebo fili mai faɗi, bisa ɗabi'ar haske, yana son ya zauna kusa da fim, madubi kuwa ya hana shi. A 1950 wani Bafaranshe, Pierre Angénieux, ya fito da ido mai amfani da dabarar sa gilashi mai watsa haske a gaba, mai tara shi a baya, ta yadda ido zai zauna nesa ya yi aikin na kusa. Dabarar ta yi aiki, sai dai ta ƙara wa ido girma da nauyi da yawan gilasai. Da madubi ya kau, sai maƙera suka sami sarari su sa babban gilashi daf da faranti. Sakamakon ya fi bayyana a gefunan hoto, waɗanda a da sukan yi dishi-dishi, yanzu kuwa suna fitowa garau ko da an buɗe ido gaba ɗaya.

Amma fa akwai wata magana da 'yan talla suka yaɗa wadda take bukatar gyara, watau cewa kyamara maras madubi ba ta da nauyi. Gangar jiki kam ta yi sauƙi. Ido kuwa girmansa yana bin girman farantin da zai rufe da yawan hasken da zai tara, kuma waɗannan ba ruwansu da madubi. Wasu kamfanonin ma sun yi amfani da sabon sararin ne suka ƙera abin da ya fi na da nauyi. Idon Canon mai tsawo 28 zuwa 70 da kafa f/2, na 2018, ya haura kilo 1.4, na Nikon mai suna Noct, na 2019, ya kai kimanin kilo 2.

Tsawon ido da girman faranti

Lamba ta farko da ake rubutawa a jikin kowane ido ita ce tsawonsa da milimita: 24, 35, 50, 85, 200 da sauransu. Ba tsawon bututun ake nufi ba. Ana nufin nisan da ke tsakanin cibiyar ido da wurin da hasken abu mai nisa yake taruwa ya zama sura. Gajeren ido yana ɗebo fili mai faɗi, abubuwa su fito ƙanana. Dogon ido yana ɗebo ɗan yanki, ya cika hoto da shi.

Sai dai lambar ba ta da ma'ana ita kaɗai sai an san farantin da ke bayanta. Abin da ake kira cikakken faranti milimita 36 ne a faɗi, 24 a tsaye. Wannan awo gado ne daga Oskar Barnack na kamfanin Leitz a Jamus, wanda ya ɗauki fim ɗin silima ya ninka girman hotonsa, aka fito da kyamarar Leica a 1925. A kan irin wannan faranti, ido mai tsawo 24 yana ganin digiri 84 daga kusurwa zuwa kusurwa, mai 50 yana ganin kimanin 47, mai 200 kimanin 12. Akwai matsakaicin faranti da ake kira APS-C, kimanin 23.5 da 15.6, wanda Fujifilm da Sony da Nikon suke amfani da shi, na Canon kuma ya ɗan fi haka ƙanƙanta. Akwai kuma ƙarami, 17.3 da 13, na tsarin Panasonic da Olympus. Ƙaramin faranti yana yanko tsakiyar abin da ido ya kawo ne kawai. Don haka a kan matsakaici ana ninka tsawon ido sau 1.5, a na Canon sau 1.6, a kan ƙarami kuwa sau 2, kafin a san abin da zai gani. Ido mai 50 a kan matsakaici yana ganin abin da mai 75 yake gani a kan cikakke, mai 25 a kan ƙarami kuma daidai yake da mai 50.

Nan ne masu sayen kyamara da yawa suke yin asara ta farko. Mutum ya ji an ce mai 50 shi ne idon yau da kullum, ya saya, ya ɗaura a kan matsakaicin faranti, ya shiga ɗaki zai ɗauki mutum takwas, ya ja da baya har ya jingina da bango, amma mutum biyar kaɗai suka shiga. Lissafin kuwa mai sauƙi ne. A kan cikakken faranti, a ninka nisan da aka tsaya sau 36, a raba da tsawon ido, abin da ya fito shi ne faɗin filin da zai shiga hoto. Daga nisan mita 4, mai 24 yana ɗebo mita 6, mai 35 mita 4 da 'yan kai, mai 50 bai cika mita 3 ba, mai 75 kuwa bai kai mita 2 ba. Duk tsawon da za a ambata nan gaba na cikakken faranti ne, mai ƙarami sai ya yi nasa rabon.

Ido shi ke zaɓa wa mutum wurin tsayawa

Ana yawan cewa gajeren ido yana kumbura hanci, dogo kuma yana gyara fuska. Abin da ake gani gaskiya ne, amma an ɗora wa ido laifin da ba nasa ba. Abin da yake sauya siffar fuska shi ne nisan da mai hoto ya tsaya. Tsakanin kan hancin mutum da kunnensa akwai kimanin santimita 12. Idan an tsaya santimita 40 daga hanci, kunne yana nisan 52, ke nan hanci zai fito da girman da ya ɗara na gaskiya da kusan kashi 30 cikin ɗari idan an gwada shi da kunne. Idan an ja baya zuwa mita 2, bambancin ya koma kashi 6 kacal, wanda ba mai lura da shi. Gajeren ido yana tilasta mutum ya matso kafin fuska ta cika hoto, dogo kuwa yana tilasta shi ya ja baya. Iyakar aikinsu ke nan. Wanda ya ɗauki hoto da mai 24 da kuma mai 85 daga wuri ɗaya, sa'an nan ya yanko fuskar daga na farko ya faɗaɗa ta, zai ga siffa ɗaya ce sak. Wannan ne kuma dalilin da ya sa hoton da mutum ya ɗauki kansa da wayar hannu ba ya cika kama da shi, domin tsawon hannunsa shi ne iyakar nisansa.

Wannan ƙa'ida ita ce ginshiƙin zaɓen ido, kuma ta fi duk lambobin da ke cikin takardun talla amfani. Tambayar farko ita ce, a ina mai hoto zai iya tsayawa, ko kuma a ina ya kamata ya tsaya? Alal misali, mai son ɗaukar mahaya a hawan salla ba shi da zaɓi, dogarai da turmutsutsun jama'a da kofaton dawaki sun riga sun yanka masa iyaka. Doki da mahayinsa sun kai kimanin mita 2.5 a tsaye. Daga nisan mita 30, ido mai 50 zai zana su a kan faranti da tsayin milimita 4, watau kashi ɗaya cikin shida na hoton, ba a ganin lifidi balle nadin rawani. Mai 200 zai zana su da tsayin kusan milimita 17, su cika kashi biyu cikin uku. Bugu da ƙari, da yake an tsaya nesa, mahayan gaba da na baya za su fito kusan girma ɗaya, su cakuɗe kamar sun fi yadda suke yawa. Wannan cunkoson da ake sha'awa a hotunan hawa nisa ne ya kawo shi.

Mai nazarin sana'a kuwa, wanda yake son ya nuna marini a bakin karofi ko maƙeri a gaban zuga-zugi, bukatarsa dabam ce. Idan ya tsaya nesa da dogon ido zai sami fuskar mai sana'a, ya rasa wurin sana'ar, alhali wurin shi ne rabin bayanin. Mai 28 ko 35 shi ya dace da shi, domin yana haɗa mutum da hannunsa da kayan aikinsa da abokan aikinsa a hoto guda. Irin wannan ido ba ya barin mutum ya saci hoto daga nesa. Dole ya matso mita ɗaya ko biyu, ya yi sallama, a gaisa, ya nemi izini. Wasu suna ganin wannan naƙasa ce, amma ga mai bincike alheri ne, don hoton da aka ɗauka da yardar mai shi ya fi na sata amfani, ko a wajen rubuta sunan mai sana'ar da bayanin abin da yake yi.

Kafar haske

Lamba ta biyu a jikin ido ita ce wadda harafin f yake gabata. A cikin kowane ido akwai wasu 'yan faifan ƙarfe da suke buɗewa su tsuke, kamar yadda idon kyanwa yake buɗewa da dare ya tsuke da rana. Lambar f tana nuna tsawon ido ne idan an raba shi da faɗin wannan kafa. Mai 50 a kan f/2 kafarsa milimita 25 ce, a kan f/8 kuwa milimita 6 da kwata. Ke nan ƙaramar lamba ita ce babbar kafa, abin da yake rikita masu koyo. Jerin da aka saba da shi shi ne 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, kuma kowane mataki yana rage haske da rabi. Daga f/2 zuwa f/5.6 matakai uku ne, watau haske ya ragu sau takwas.

Daga nan ake gane dalilin tsadar wasu idanu. Mai 200 da zai buɗe zuwa f/2.8 yana bukatar kafa mai faɗin milimita 71, mai 400 kuwa 143, kusan faɗin ƙaramin faranti na cin abinci, kuma duk wannan gilashi sai an goge shi da matuƙar daidaito. Idon da ake haɗawa da kyamara a kwali ɗaya yawanci yana farawa daga f/3.5, idan an zuƙo ya koma f/5.6 ko f/6.3. Da rana tsaka ba shi da aibu. A zauren biki da dare, ko a soron da hasken ƙofa kaɗai yake shiga, sai ya gaza, hoto ya fito da tsaki-tsaki ko da jan motsi. Ido mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na mai f/5.6, kuma yakan kasance cikin masu araha a jerin kamfanoni da yawa.

Kafa tana da aiki na biyu, watau ita ce take ƙayyade zurfin abin da zai fito garau. Mai 85 a kan f/1.8, daga nisan mita 2, abin da zai fito sosai bai wuce zurfin santimita 6 ba: ƙwayar ido ta fito, kunne ya fara dushewa, bayan mutum ya narke. A kan f/8 zurfin ya kai kimanin santimita 27. Mai 24 kuwa a kan f/8, idan an saita shi a kan mita 2.4, kome zai fito daga mita 1.2 har iyakar gani. A 'yan shekarun nan narkar da baya ya zama yayi, har ana ganin hoton amarya da ƙawayenta a jere biyu, na gaba sun fito, na baya sun zama hazo, don kawai mai hoto ya sayi f/1.4 yana jin asara ce ya tsuke shi. Ga taron mutane f/5.6 ko f/8 ake bukata. Yawancin idanu ma a wannan tsakani suka fi kaifi. Idan an wuce f/11 zuwa f/16 kaifin yakan fara raguwa, domin haske yana bazuwa idan ya bi ta ƙuntatacciyar kafa.

Wani taimako da ake samu a kyamarorin nan shi ne faranti mai motsi wanda yake rama rawar hannu. Olympus ta shahara da shi a E-M5 ta 2012, Sony ta sa shi a kyamararta maras madubi mai cikakken faranti a 2014. Tsohuwar ƙa'ida ita ce kada lokacin buɗe labule ya fi ɗaya bisa tsawon ido na daƙiƙa, watau 1/200 ga mai 200. Da wannan taimako ana iya sassautawa sosai. Sai dai rawar hannun mai hoto kaɗai yake magancewa. Doki mai sukuwa yana bukatar 1/1000 ko abin da ya fi, kome kyawun na'urar.

Mai zuƙowa ko mai tsawo ɗaya

Ido iri biyu ne: mai tsawo ɗaya tak, da mai zuƙowa wanda yake tafiya daga wani tsawo zuwa wani, kamar 24 zuwa 70 ko 70 zuwa 200. A da ana raina mai zuƙowa saboda rashin kaifi. Wannan hukunci ya tsufa, nagartattun cikinsu yanzu ba su da abin kushewa sai nauyi da tsada. Mai 70 zuwa 200 da kafa f/2.8 kilo ɗaya ne ko kusa da haka, wasu har ɗaya da rabi. Mai ɗaukar biki, wanda ba za a maimaita masa kamu ko budar kai ba, yana da hujjar ɗaukar wannan kaya. Ɗalibi kuwa, ido ɗaya mai 35 ko 50 da kafa f/1.8 zai koya masa abin da mai zuƙowa ba zai koya masa ba, domin zai tilasta shi ya yi tafiya da ƙafarsa, ta haka ya gane abin da nisa yake yi wa hoto.

Akwai aiki guda da ya shafi manazarta kai tsaye, shi ne ɗaukar tsofaffin rubuce-rubuce na Ajami da Larabci waɗanda masu su ba sa yarda a fita da su daga gida. A nan gajeren ido da mai zuƙowa duka suna da illa, domin sukan lanƙwasa miƙaƙƙen layi, gefen takarda ya fito kamar cikin tulu. Gaskiya ne kyamarorin yanzu suna gyara wannan lanƙwasa da lissafi, har ma maƙera suna barin ta da gangan don su rage girman ido, amma gyaran yana jan gefuna ne ya shimfiɗa su, a gefe kuwa sharhin malamai yake, da ƙananan haruffa. Abin da ya dace shi ne idon ɗaukar abu na kusa, wanda ake kira makro, mai tsawo 50 zuwa 100. An ƙera shi ne don shimfiɗaɗɗen abu ya fito daidai daga tsakiya har kusurwa. Da mai 50, takarda mai tsawon santimita 30 tana cika hoto daga nisan kimanin rabin mita, da mai 100 kuwa sai an ɗaga kyamara kusan mita ɗaya, abin da yake da wuya a ƙaramin ɗaki. A kafa kyamara a kan mazauni mai ƙafa uku, faranti ya fuskanci takarda sosai ba karkata, a tsuke kafa zuwa f/8, a ajiye ma'auni a gefe domin mai dubawa nan gaba ya san ainihin girman takardar.

Baki, da abin da yake ɗaure mai saye da shi

Idon da aka ƙera wa wani baki ba ya hawa wani bakin kai tsaye. Gangar jiki kuwa tana tsufa cikin 'yan shekaru, ido mai kyau yana yin shekara ashirin ko talatin. Ke nan wanda ya sayi kyamara ya ƙulla zumunta ne da baki, kuma kowane ido da ya ƙara saya yana ƙara ɗaure shi. Ba kowane baki ne ya yi tsawon rai ba. Samsung ta fito da tsarin NX a 2010, ta watsar da shi bayan 'yan shekaru. Nikon 1 na 2011 an daina shi a 2018. Bakin EF-M na Canon, na 2012, an rufe babinsa a 2023, kuma idanunsa ba sa hawa bakin RF. Irin waɗannan kyamarori suna yawo a kasuwar kayan hannu da araha mai jan hankali, mai saye kuwa sau da yawa ba ya sanin ya shiga hanyar da ba ta ɓullewa.

Ya kamata kuma a duba ko kamfani ya bar wasu maƙera su yi wa bakinsa ido. Sony ta buɗe bayanin bakin E ga wasu kamfanoni tun 2011, shi ya sa Sigma da Tamron da maƙeran Sin suka cika shi da idanu masu rangwame. Leica da Panasonic da Sigma sun haɗu a kan baki ɗaya, L, a 2018. Canon ta daɗe tana tsare nata, sai a 2024 ta ba Sigma da Tamron izini, ta fara da idanun matsakaicin faranti.

Gajeruwar tazara ta zo da wata garaɓasa da ba a yi tsammani za ta yi farin jini haka ba. Tun da tsohon ido yana son ya zauna milimita 44 ko 46.5 daga fim, sabon baki kuwa yana milimita 16 zuwa 20, to zoben da zai cike bambancin shi kaɗai ake bukata, wanda 'yan kasuwa suke kira adafta. Akasin haka ba ya yiwuwa, sabon ido ba ya hawa tsohuwar kyamara. Ta wannan hanya idanun da suka yi shekara hamsin a akwati suka dawo aiki, irin su Takumar na Japan da Helios na tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Da hannu ake saita su, amma tagar leƙe ta lantarki tana sauƙaƙa aikin, don tana faɗaɗa wurin da ake so, tana kuma shafa launi a gefen abin da ya fito garau. Idanun EF suna aiki sosai a kan RF ta zoben Canon. Zoben FTZ na Nikon shi ma haka, sai dai tsofaffin idanun da gangar jiki ce take juya su ba sa saita kansu a kansa. Gajerun idanun Leica na zamanin fim kuwa sukan ɓata launi a kusurwa, domin faranti, ba kamar fim ba, ba ya son hasken da ya zo masa a karkace.

Ƙura da danshi

A tsohuwar kyamara madubi da labule suna kare faranti sa'ad da aka cire ido. A yawancin marasa madubi, da an cire ido ga faranti nan a fili, yatsa ma yana iya taɓa shi. A ƙasar da hunturu yake cika iska da ƙura wata uku ko fiye, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙurar ba ta nuna kanta a kan f/2, sai an tsuke zuwa f/11 a ga ɗigo-ɗigo a sararin sama, wuri ɗaya a kowane hoto. A kashe kyamara kafin a sauya ido, a kifa bakinta ƙasa, a juya wa iska baya, a riga an kwance murfin sabon idon. A filin hawa ko a kasuwa gara a fita da ido ɗaya a haƙura da shi. Ba a hura faranti da baki, akwai 'yar robar hura iska da aka yi don haka.

Da damina kuma abokin gaba danshi ne, wanda yake tsirar da fumfuna a cikin gilashi, ta yi saƙa kamar yanar gizo, idan ta daɗe ta ci shafen da aka yi wa gilashin. Shafen nan, wanda Alexander Smakula ya samar a kamfanin Zeiss a 1935, shi ne yake hana kowace fuskar gilashi mayar da kimanin kashi 4 cikin ɗari na haske, ido guda kuwa yana iya ƙunsar gilasai goma sha biyar. Mai sayen ido na hannu ya buɗe kafar gaba ɗaya, ya haska tocila ta baya, ya leƙa ta gaba. 'Yar ƙura kaɗan a ciki ba ta hana kome, haka ɗan ƙarcen da ke gilashin gaba. Saƙar fumfuna, ko hazo, ko maiƙo a kan faifan kafa, ko ƙarce a gilashin baya, waɗannan su ne abin gudu. Sa'an nan ya ɗaura idon a kan tasa kyamarar, ya ɗauki bangon bulo daga gaba sosai, ya faɗaɗa kusurwoyin nan huɗu ya gwada su da juna. Idan ɗaya ta fi sauran dushewa, idon ya taɓa faɗuwa ko kuma tun daga maƙera gilasansa ba su zauna daidai ba, gyaransa kuwa yakan kusa kuɗin sabo.